Kunnen Sarkin Niƙa

Shekarunsa sittin da uku, kuma shi ne mafi daɗewa a masana'antar da ke niƙa farin dutse ya koma gari. Masu haɗa fenti da masu yin allin makaranta su ne manyan masu sayen garin. Ma'aikata suna kiransa Sarkin Niƙa, ba don wani ya naɗa shi ba, sai don babbar gangar niƙan tana hannunsa tun gashin kansa yana baƙi.

Gangar ta ƙarfe ce, a kwance take, tsawonta ya kai na tankar mai. A cikinta akwai ƙwallayen ƙarfe manya da ƙanana. Bel mai jigilar kaya yana zuba tsakuwar dutsen ta baki ɗaya, gangar tana juyawa, ƙwallayen suna hawa suna faɗowa a kan dutsen, gari yana fita ta ɗaya bakin. Ba mai iya leƙa cikinta tana aiki, shi ya sa aikin Sarkin Niƙa na kunne ne. In niƙa yana tafiya daidai, ƙarar kamar ta ruwan sama mai ƙarfi a kan rufin kwano take. In dutsen ya yi kaɗan, ƙarfe ke dukan ƙarfe, ƙarar ta yi kaifi. In kuwa dutsen ya yi yawa, ko ya zo da danshi, ko gangar ta ɗauki zafi, sai garin da ya riga ya yi laushi ya fara manne wa ƙwallayen har ya yi musu riga. Daga nan ƙarar ta dushe, duka ya daina cin dutse, injin ya yi ta shan wuta a banza, abin da ke fita kuwa rabi tsaki rabi gudaji. Mai kunne yana jin dushewar tun tana farawa, ya rage abin da bel ke zubawa kafin ɓarna ta yi nisa.

A 'yan watannin nan gari ya sha fita da gudaji, masu saye suna dawo da buhuna. Manaja bai girmi ɗan farin Sarkin Niƙa ba, kuma ya kasa tunkarar tsohon da maganar. Amma ya faɗa wa wasu daga cikin masu saye cewa in aka sake dawo da kaya, zai ɗauke shi daga gangar ya mai da shi gadin sito. Cikin waɗanda suka ji wannan har da Mai Fenti, wadda shagonta ke tsallaken titi. Mahaifiyarta ƙanwar mahaifin Sarkin Niƙa ce. Taubasai ke nan, kuma tun suna yara ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗaya magana mai daɗi a gaban mutane.

Da hantsi ta same shi a rumfar bayan masana'anta, inda ƙarar injin take raguwa har mutum ya iya jin na kusa da shi. Yana zaune a kan benci da kofin shayi, wasu ma'aikata suna hutawa a gefe. Ta shigo tana tura baro da buhu a ciki.

"Lafiya lau, ɗan kawu. Ya tsufa?"

"Tsufa na baro shi a ƙofar shagonki, 'yar gwaggo, ya ce ke yake jira. Ya kasuwar ruwan kala?"

"Kasuwa ta yi kyau har na samu ƙwai. Ga su na kawo maka ka kwanta a kai."

Ta kwance bakin buhun ta zazzage a kan tebur. Farin gari ya zubo, gudaji suka gangaro, wasu har ƙasa. Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga sama don kowa ya gani, ta ce ita gari ta saya, ba ta san ɗan kawunta ya koma kiwon kaji ba. Ma'aikatan suka sunkuyar da kai suna murmushi, don su ba su da damar yin dariya a fili.

Sarkin Niƙa ya kurɓi shayinsa bai ko taɓa gudajin ba. Ya ce a shagonta aka haife su, don kowa ya san rufin shagon yoyo yake, in ana ruwa har kwaɗi ke zuwa sayen fenti. Ta ce buhun da safen nan ta farke shi, ɗinkin mutanensa ne a jiki, ga zaren nan. Ta ce wani mai saye ya shafe ɗakin amaryarsa da fentin da ta haɗa da garin makon jiya, bango ya fito da ƙuraje sak irin na fuskar ɗan kawu lokacin yana saurayi. Shi kuma ya ce mutumin ya gode wa Allah, ƙurajen sun ɗauke wa baƙi hankali daga kalar, wadda ko ƙuda ya gani sai ya sake hanya.

Sun jima a haka. Da ta matsa masa, sai ya ajiye kofin ya shiga kawo dalilai. Ya ce masu fasa dutse suna lodin motoci ba tamfol, dutse ya iso a jiƙe, kuma jiƙaƙƙen dutse in ya haɗu da zafin ganga dole ya kama jiki. Ya ce manyan ƙwallayen sun cinye sun koma kamar 'ya'yan carbi, an daɗe ba a ƙaro sababbi ba, ƙaramin ƙwallo kuwa ba ya fasa babbar tsakuwa. Ya ce wutar lantarki takan yi sanyi da rana, gangar ta rage gudu, ƙwallayen su kasa hawa, sai dai su yi ta mirginawa a ƙasa kamar tsofaffin gidansu Mai Fenti. Ya ƙara da cewa ruwan maganin da ake ɗiga wa dutsen don kada garin ya manne, wanda aka kawo bana tsinkakke ne.

Babu ƙarya a cikin waɗannan. Duk wanda ya yi aiki a wurin zai tabbatar da su. Mai Fenti ma ba ta musa ko ɗaya ba. Ta dai tambaye shi ko bana aka fara damina. Ta ce shekara nawa dutse yana zuwa a jiƙe, wuta tana sanyi, ƙwallaye suna cinyewa, amma garinsa yana fita kamar hodar jarirai. Ta ce da bakinsa ya sha cika mata kunne cewa ko da ruwa aka kawo dutsen yana ɗiga, shi zai ji a ƙarar ganga ya san yadda zai yi da shi.

Nan ya miƙe zaune sosai, don an taɓo inda yake ji da kansa. Ya ce har gobe a cikin ƙwallaye dubu in ɗaya ya tsage zai faɗi wanne ne. Ya ce akwai ranar da yana gida yana cin abincin rana ya ji gangar ta shaƙe, ya aje cokali ya taho. Ta ce ta tuna, ranar ce ma ya ji tururuwa tana tari a bayan gari ya aika mata da magani.

Tana maganar tana lura da shi. Idonsa ba ya barin bakinta. In ta ɗan juya wajen ma'aikatan, sai ya karkato da kai ya bi ta.

"Ɗan kawu, yaushe ka fara kallon bakina haka? Da cewa kake bakina ya fi ƙarfin kallo."

"Haƙoran da suka rage nake dubawa, in san ko za su kai baɗi."

Ta yi dariya, ta ce bari ta ɗebo ruwa ta wanke hannu. Randar tana bayan bencinsa. Ta zagaya ta tsaya daf da ƙeyarsa, ba ta taɓa moɗa ba.

Akwai wani labari da duk masana'antar ta sani, don Mai Fenti ta sha bayar da shi. Wai a shekarar da aka sa ranar aurensa, talotalon maƙwabta ya kore shi tun daga bakin titi har ɗakin gwaggonsa, ya shige ƙarƙashin gado, sai da aka jawo shi ta ƙafa. Bai taɓa barin labarin ya kai ƙarshe ba. Da ta ambaci talotalo yake tashi tsaye yana rantsuwa cewa kare ne, kuma mahaukaci, kuma shi shiga ya yi neman sanda.

Ta ba da labarin a bayansa da murya sama, tun daga bakin titi har jan ƙafa. Ta ƙara da cewa yana kuka yana kiran gwaggo, abin da ba ta taɓa sakawa a ciki ba.

Sarkin Niƙa yana juya cokali a kofinsa, yana kallon gudajin da ke kan tebur.

Ba wanda ya yi dariya. Wani ma'aikaci ya tashi ya fita kamar an kira shi. Da tsohon ya ɗago ya ga fuskokin sauran, ya ga inda idanunsu suke, sai ya waiwaya. Ya ganta a tsaye, hannunta a bushe, fari fat da gari.

Ta dawo gabansa ta zauna a kan bakin baro, yadda zai ga bakinta da kyau. Ma'aikatan suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

"Na yi magana a bayanka, ɗan kawu. Doguwa. Ba ka rama ba."

Ya ce bai ga dama ba ne. Ta ce tun da aka haife shi bai taɓa rashin ganin dama ba.

Sai ta gaya masa sauran. Ta ce matarsa ta zo shago ta ce rediyon gidansu yanzu maƙwabta ke sauraron labarai da shi. 'Ya'yansa sun lura, amma kowa yana tura ɗan'uwansa. A cikin masana'anta kuwa ba wanda ya gane da wuri, don a gaban ganga dama ba a jin magana, da hannu da laɓɓa ake yi, shi kuma ya fi kowa iya karanta baki. Ta faɗa masa abin da manaja ya ce game da gadin sito, ba ta rage komai ba.

"Matarka ta kasa, 'ya'yanka sun kasa, manaja ya kasa. Ni kuwa ban taɓa jin kunyarka ba, shi ya sa na turo baro."

Ya ɗauki gudaji ɗaya ya murƙushe shi a tafin hannu. Daga baya ya ce gangar ce ta cinye masa kunne. Ya ce tun ana raba abin toshe kunne yake rataye nasa a ƙusa, don yana ganin in ya toshe ba zai ji ta da kyau ba. Ya ce yanzu yana jin tana juyawa, yana jin girgizarta a tafin ƙafa, amma kaifin ƙarar da dushewarta sun zama abu ɗaya a wurinsa, kuma ya jima yana aiki da tsammani. Ya ce in gadin sito ne, gara ya zauna a gida.

Ta ce ai ko gadin ba zai iya ba, ɓarayi za su zo da makaɗa su kwashe sito yana gyangyaɗi. Ya yi ɗan murmushi, bai rama ba, ita kuma ba ta ji daɗin hakan ba.

Ya tashi ya nufi inda ake cika buhunan ranar, ta bi shi. Ya tara hannu a bakin bututun ya ɗebi garin da ke fita, ya murza tsakanin yatsu. Da ɗumi fiye da kima, kuma da ya matse ya buɗe hannu, garin ya tsaya a dunƙule bai watse ba. Wannan kayan na wani babban mai saye ne da motarsa za ta zo da yamma. In ya fita da gudaji, shi ne kayan da manaja yake jira.

Ya dube ta, ya nuna ƙofar ɗakin injin da haɓa.

Ba ta taɓa shiga ba. Ya kama gefen mayafinta ya kai ta bakin da dutse ke shiga, ya tsayar da ita, ya nuna mata kunnenta. Sannan ya ja ta a hankali har ɗaya ƙarshen, suka fito ta ƙofar baya inda ake iya magana.

"Me kika ji?"

Ta ce ta ji tsufansa yana kuka.

"Ba wasa nake ba, 'yar gwaggo. Me kika ji?"

A iya saninta bai taɓa ce mata ba wasa yake ba. Ta tsaya ta yi tunani. Ta ce daga farko akwai ƙara sosai, kamar ana zuba tsakuwa a bokitin ƙarfe. Amma daga tsakiya zuwa ƙarshe, kamar ana dukan katifa da sanda.

Ya tambaye ta daga daidai ina katifar ta fara. Ta koma ciki ita kaɗai, ta bi jikin gangar tana karkata kai, ta tsaya kusa da wani ginshiƙi ta ɗaga hannu.

Abin da yake bukata ke nan. Ƙananan ƙwallayen da ke can ƙarshe, masu gama laushin, su ne suka yi riga. Ya yi wa mai kula da bel alama ya tsayar da dutse gaba ɗaya. Ya buɗe fankar da ke jan iska ta cikin gangar har ƙarshe, don zafi da danshi su fita. Ya je wurin famfon ruwan maganin ya ƙara ɗigon. Sannan ya bar gangar tana juyawa ba sabon dutse, ƙwallayen su kakkaɓe rigarsu da kansu.

Ya dawo ya tsaya kusa da ita a gindin ginshiƙin, hannunsa a bayansa. Ba gangar yake kallo ba, fuskarta yake kallo. Ma'aikatan da suka saba ganinsa yana tsayawa shi kaɗai da ido a rufe suka yi kamar ba su gani ba.

An ɗauki lokaci. Can sai ta yamutsa fuska ta toshe kunne ɗaya da yatsa. Ta ja shi waje ta ce yanzu kuma kamar an juye buhun cokula a kan siminti, har cikin haƙoranta take ji. Ya ce to ciki ya yi fayau, ƙarfe ke cin ƙarfe, in aka bar shi haka ƙwallayen da jikin gangar ne za su lalace. Ya sa aka saki bel kaɗan, ƙasa da rabin yadda yake da safe, saboda dutsen jiƙaƙƙe ne. Ya ce mata in ta ji kamar ruwan sama a kan kwano, mai ƙarfi amma ba ƙanƙara, ta gaya masa.

Suka koma. Yana ƙara bel kaɗan kaɗan yana dubanta, tana girgiza kai. Ya ƙara, ta girgiza. Ya ƙara, ta ɗan tsaya, ta rufe ido, sannan ta gyaɗa kai. Ya ɗauke hannu daga makunnin.

Garin da ya biyo baya ya zuba a rariya ya kaɗa, ya wuce duka bai bar komai ba. Ya matse wani a hannu ya buɗe, ya zube ta tsakanin yatsunsa. Ya sa aka ware buhunan safe gefe don a sake niƙa su.

A tsakar masana'anta ta kakkaɓe mayafinta, ta ce daga yau ita ce Sarauniyar Niƙa, shi kuma ɗan rakiya. Ta ce ya faɗa da bakinsa a gaban mutane.

"Na faɗa. Kunnuwan nan naki masu kama da faifai, tun muna yara nake tambayar amfaninsu. Yau na gani."

Ya yi dariya har da tari, ita ma ta yi. Ta ce to saura ofis, kuma ba za ta raka shi ba, don ba ita ta rataye abin toshe kunne a ƙusa ba.

Ya tafi da farin hannunsa bai wanke ba, ya shiga wurin manaja ba a kira shi ba. Abin da suka yi magana a kai ya fito daga baya. Manaja ya bar shi a kan gangar, da sharaɗi. Zai koya wa masu aiki tare da shi sauraron ƙarar, su riƙa gaya masa da hannu, hukunci kuma nasa. Zai fara duba allurar mitar injin, wadda ya daɗe yana cewa ado ce aka maƙala a bango. Kowa zai toshe kunne a ɗakin injin, har da shi, don a tsira da abin da ya rage. Shi kuma ya samu alkawarin sababbin ƙwallaye da tamfol a kan motocin dutse, abin da ya daɗe yana nema ba a saurare shi ba.

Da ya je asibiti, likitan kunne ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma ya ba shi ɗan abin ji da ake maƙalawa a bayan kunne, na gida da titi, ban da gaban ganga. Sarkin Niƙa ya tambayi ma'aikatan abin da Mai Fenti ta faɗa a bayansa a rumfa, kowa ya ce shi ma bai ji ba.

Jiya da safe ya tsallaka titi ya shiga shagonta tana cikin dama fenti, ga masu saye a tsaye. Ya jawo kujera ya zauna ya ba ta baya. Ya nuna abin da ke kunnensa, ya ce ta tsaya inda ta tsaya rannan ta maimaita, kada ta rage ko kalma.

Ta aje muciyar fentin ta maimaita, har da kukan da kiran gwaggo. Ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba, kafaɗunsa suna rawa. Da ta gama ya juyo yana share ido, ya dubi masu sayen ɗaya bayan ɗaya, ya ce musu kare ne.